Farin Tabon Ruwa a Jikin Kariyar Shawa ta Roba: Asalinsa da Yadda Ake Cire Shi

Mafi yawan maƙalun da muke kawowa a wannan mujalla sun shafi nahawu ne da adabi da al'ada. A wannan fitowa ni na zaɓi in leƙa banɗaki, domin a ganina harshen da muke nazari ya kamata ya iya bayyana abin da ke faruwa a wurin wanka kamar yadda yake bayyana karin waƙa. Abin da zan yi magana a kai ƙarami ne a ido, amma yana jawo asarar kuɗi, wani lokaci ma har ya kai mutum gadon asibiti.

A gidajen haya na zamani da otal-otal da wasu ɗakunan kwanan ɗalibai na 'yan kasuwa, akan kafa wata kariya tsakanin wurin wanka da sauran banɗaki, don kada ruwan shawa ya fantsama ko'ina. Wata ta gilashi ce, amma mai sauƙin kuɗi ta roba ce, garai-garai kamar gilashi. Bayan wata biyu ko uku sai a ga ta fara dushewa. Ɗigo-ɗigo fari ya mamaye ta, musamman daga tsakiya zuwa ƙasa. Mai ɗaki ya ɗauko soso da omo ya dirje. Tana jiƙe ta yi fes, tana bushewa tabon ya dawo kamar ba a taɓa shi ba. Sai ya ƙara ƙarfi, ya koma ga soson ƙarfe. Ranar da zai tashi daga gidan kuma mai gida ya duba kariyar, ya ce an lalata masa kaya, ya riƙe kuɗin ajiyar da aka ba shi saboda ɓarna.

Maganar da nake son mai karatu ya riƙe ita ce wannan: farin tabon nan ba dauɗa ba ne, dutse ne. Sabulu ba ya wanke dutse, narkar da shi ake yi.

Daga ina dutsen ya fito?

Ruwan sama idan yana saukowa yakan kwashi kaɗan daga iskar kabon-dayoksaid, wato irin iskar da muke fitarwa idan mun yi numfashi, kuma yakan ƙara kwasar ta a cikin ƙasa inda saiwoyi da ruɓaɓɓun ganyaye suke. Wannan iska tana ba ruwan wani ɗan tsami wanda harshe ba ya ji. Idan ruwan ya ratsa ta cikin dutsen farar ƙasa, sai tsamin nan ya riƙa narkar da dutsen a hankali, ruwan ya tafi da shi a narke. Ido ba ya ganin komai, domin ruwan yana nan garau. Abin da ya ɗauko shi ne sinadarin kalsiyam, sau da yawa tare da ɗan'uwansa magnesiyam.

Irin wannan dutse muna da shi da yawa a Nijeriya, kuma shaidarsa ita ce masana'antun siminti, tunda da shi ake yin siminti. Akwai shi a Ewekoro ta Jihar Ogun, da Nkalagu ta Jihar Ebonyi, da Obajana ta Kogi, da Gboko ta Binuwai, da Ashaka ta Gombe, da Kalambaina a Sakkwato. Ba a waɗannan wurare kaɗai ake samun ruwa mai kalsiyam ba, domin wasu duwatsun ma suna saki, kuma rijiya biyu a unguwa ɗaya suna iya bambanta. Amma dai ruwan rijiya da na burtsatse sun fi ruwan sama da na kogi ɗauke da shi nesa ba kusa ba. Matsalar ba tamu kaɗai ba ce. Birnin Landan yana shan ruwan da ya ratso ta ƙasa mai alli, shi ya sa kantunan can suke cike da magungunan cire wannan tabo.

To, idan ɗigon ruwa ya maƙale a jikin kariya, ruwan yakan bushe ya bi iska, amma dutsen da ke cikinsa ba shi da fiffike. Nan yake zama, ya koma asalinsa, wato abin da masana kimiyya ke kira kalsiyam kabonet. Gobe wani ɗigon ya sauka a kan na jiya, ya bar nasa. Zafi yana hanzarta abin, shi ya sa hitar da ɗalibai ke tsomawa a bokiti take yin farin ɓawo cikin makonni kaɗan, haka ma gindin butar shayi.

Ana auna yawan wannan dutse da miligiram a kowace lita. Bisa rabon da aka fi amfani da shi, ruwan da bai wuce 60 ba mai laushi ne, daga 61 zuwa 120 matsakaici, daga 121 zuwa 180 mai yawa, abin da ya haura 180 kuwa ya yi yawa ƙwarai. Mu ɗauki ruwa mai 200. Bokiti mai cin lita 20 yana ɗauke da giram 4 ke nan na narkakken dutse. Mafi yawansa zai bi magudana, amma ɗan abin da ya rage a jikin kariya kullum, safe da yamma, shi ne yake taruwa.

Me za mu kira shi da Hausa?

Tunda mu ɗaliban harshe ne, bari in tsaya a nan kaɗan. Bature yana kiran irin wannan ruwa da sunan da idan aka fassara shi kai tsaye zai ba mu "ruwa mai tauri". Bahaushe idan ya ji haka ƙanƙara za ta faɗo masa a rai. Muna da kalmar zartsi, kuma sau da yawa ruwan rijiya mai zartsi yana da wannan hali, sai dai zartsi magana ce ta ɗanɗano, alhali akwai ruwa mai daɗin sha da yake barin tabo. Abin da matan gida suke faɗa ya fi kusa da gaskiyar lamarin. Sukan ce ruwan rijiyar nan ba ya kumfa, ko kuma yana cin sabulu. Don haka ni na fi son a ce "ruwa mai cin sabulu". Shi kuwa ɓawon da ke taruwa a gindin buta, ina ba da shawarar a kira shi "ƙanzon ruwa", domin kamar ƙanzon tuwo yake: ragowa ce da ta kama jikin mazubi bayan ruwa ya ƙone. Wanda bai yi kauri ba, irin na jikin kariya, "tabon ruwa" ya wadatar. Wannan ra'ayina ne, kuma shafin wasiƙu yana buɗe ga wanda yake da wanda ya fi shi.

Cin sabulun nan ma yana da nasa bayani, kuma ya shafi kariyarmu. Idan sabulun wanka ya haɗu da kalsiyam, sai su zama wani abu mai maiƙo-maiƙo wanda ba ya narkewa a ruwa. Shi ne farin abin da ke yawo a saman bokiti bayan wanka. Saboda haka abin da ke jikin kariya hawa biyu ne a cakuɗe: dutse da mataccen sabulu, ga kuma maiƙon jiki da na man shafawa.

Abin da ya sa dirza take ɓarna

A shekarar 1812 wani masanin duwatsu Bajamushe mai suna Friedrich Mohs ya jera ma'adanai daga 1 zuwa 10 bisa wanda yake iya kartar wani. A wannan ma'auni farcen mutum yana wajen 2.5, dutsen da muke magana a kai yana 3, gilashin taga yana wajen 5.5, ƙwayar yashi kuma tana 7. Roba tana can ƙasa, kusa da farce da shi tabon. Ma'anar wannan ita ce, wanda yake da kariyar gilashi yana da ɗan sarari, domin gilashin ya fi tabon ƙarfi sosai. Mai ta roba ba shi da wannan sarari. Duk abin da ya isa ya kankare tabon da ƙarfi, ya isa ya karce robar.

Robar da ake yin waɗannan kariyoyi da ita iri-iri ce. Akwai akirilik, wadda kamfanin Röhm na Jamus ya fitar kasuwa a 1933 da sunan Plexiglas, Ingila kuma ta san ta da sunan Perspex. Akwai folikabonet, wadda aka gano a 1953, mai wuyar fashewa amma mai saurin karcewa. Akwai kuma masu araha na dangin folistarin. Da ido ba lalle ne mutum ya bambance su ba, kuma ba dole ba ne, domin a wannan batu halinsu ɗaya ne: suna jure tsami mai sauƙi, ba sa jure karta.

Karta kuwa ba ta gyaruwa da wanki. Soson ƙarfe da koren soson wanke tukunya da hodar goge tukwane da toka da yashi, kowannensu yana barin dubban ƙananan layuka. Layukan nan su ne suke warwatsa haske, sai robar ta yi hazo-hazo har abada. Mafi muni, sabon tabo ya fi samun wurin kamawa a cikinsu. Wato wanda ya dirje yau ya sauƙaƙa wa tabon gobe aiki. Ko busasshen tsumma yana ɓarna a lokacin hunturu, domin ƙurar da ta kwanta a jikin robar akwai ɓarɓashin yashi a cikinta.

Tsami da kanwa

Duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da mai dafa miyar yakuwa ya riga ya san rabin ilimin da ake buƙata. Idan tsamin ganyen ya yi yawa, sai a jefa 'yar kanwa, miyar ta yi kumfa, tsamin ya mutu. Abin da ya faru shi ne abu biyu kishiyoyin juna sun haɗu sun kashe juna. A kimiyya ɓangaren tsami shi ne asid. Ɗaya ɓangaren kuma shi ne dangin kanwa, wadda maƙwabtanmu Yarbawa ke kira kaun, Ibo kuma akanwu. A cikin wannan dangi akwai ruwan toka da sabulu da omo da hodar soda ta masu yin kek.

Tabon ruwa ɗan gidan su kanwa ne. Shi ya sa omo ba ya yi masa komai, kanwa kuwa ƙara shi ma take yi, domin tana sa kalsiyam ɗin da ke narke a ruwa ya fito fili ya kwanta. Abin da yake narkar da shi sai kishiyarsa, wato tsami. Mai son ya gani da idonsa ya jefa ɓawon ƙwai ko gutsuren katantanwa a cikin ruwan lemon tsami. Zai ga ƙananan ƙwayoyin iska suna tasowa. Iskar nan kabon-dayoksaid ce take ficewa, dutsen kuma yana komawa ruwa. Kada a gwada da allin rubutu, domin da yawa daga cikin allin aji da wani ma'adini daban ake yin sa, ba zai yi kumfa ba.

A nan ne nake da ja da wata shawara da ta bazu a intanet, cewa a kwaɓa ruwan khal da hodar soda a shafa. Kumfar da ke tashi tana burge ido, mutum ya ɗauka aiki ake yi. Alhali miyar yakuwa ce aka sake dafawa: sodar ta kashe tsamin tun a cikin kwano, abin da ya isa jikin kariya ruwa ne mai ɗan gishiri-gishiri.

Tsamin da ya dace guda uku ne. Na farko farin ruwan khal, wanda a kantuna ake kira binega, mai asid kashi 5 cikin ɗari ko kusa da haka. Na biyu ruwan lemon tsami da aka tace. Na uku garin asid na lemon tsami, wanda masu sayar da kayan haɗa sabulu da lemon kwalba suke sayarwa, ana zuba cokali biyu na cin abinci a lita ɗaya ta ruwa. Tsamiya ma asid ce, amma ba na ba da shawararta, saboda tana da launi da zaƙi mai kiran tururuwa, kuma abin da take haifarwa idan ta haɗu da kalsiyam shi ma ba ya narkewa sosai. Kada raunin ruwan khal ya sa a raina shi. A lissafi, lita ɗaya tana iya narkar da kusan giram 40 na wannan dutse, abin da ke jikin kariya kuwa bai kai kusa da haka ba. Abin da yake buƙata lokaci ne.

Yadda ake aikin

Da farko a watsa wa kariyar ruwa sosai domin ƙura da yashi su sauka kafin hannu ya taɓa ta. Sannan a wanke ta da sabulun ruwa na wanke-wanke da tsumma mai laushi, irin tsohuwar singileti ta auduga. Mutane da yawa suna tsallake wannan mataki, sai su ce khal bai yi aiki ba, alhali maiƙon da ya lulluɓe tabon ne ya hana tsamin isa gare shi. A ɗauraye.

Sai a haɗa ruwan khal da ruwan ɗumi, rabi da rabi. Ɗumi na ce, ba tafasasshe ba, domin akirilik tana fara laushi a kusa da zafin tafasar ruwa, kuma tana iya lanƙwashewa. A fara gwadawa a wani lungu daga ƙasa. Idan babu wani canji a jikin robar bayan 'yan mintoci, sai a ci gaba.

Wahalar ita ce kariya a tsaye take, ruwa kuwa gangarowa yake yi. Idan aka fesa kawai, kafin minti biyu ya zube ƙasa. Dabarar ita ce a tsoma tsummoki marasa kauri ko takardar goge hannu a cikin haɗin, a manna su a jikin robar kamar yadda ake manna takardar sanarwa a bango. Su zauna minti 15 zuwa 20. Idan sun fara bushewa a ƙara yayyafa musu, domin busasshen tsami ba ya aiki. Bayan haka a ɓare su, a shafa da tsumma mai laushi ba tare da dannawa ba, a ɗauraye da ruwa mai yawa, sannan a tsane da wani busasshen tsumma mai tsabta nan take. Idan aka bar ruwan ɗauraya ya bushe da kansa, an sake shuka sabon tabo ke nan.

Tabon da ya shekara ba zai fita a zama ɗaya ba. A maimaita sau biyu ko uku, a na ƙarshe ana iya sa khal ɗin ba tare da sirki ba. Lungunan da ke jikin firam da kwalbatin da ƙofa ke gudu a kai, tsohon buroshin haƙori ya ishe su, amma a tsaya a kan ƙarfen, kada a hau da shi kan robar.

A kula da abin da ke ƙasa. Idan daɓen wurin wankan na mabul ne ko tarazo, to shi ma dutsen farar ƙasa ne, kuma tsami ba ya bambance wanda ake so da wanda ba a so. Zai ci shi ya bar masa dabbare-dabbare. A shimfiɗa leda ko a riƙa kwarara ruwa a ƙasan. Simintin da ke tsakanin tayil da firam ɗin alminiyam su ma kada a bar tsami ya kwana a kansu.

Ba kowane tabo ne wannan ba

Idan tabon ja ne ko ruwan ƙasa, ƙarfe ne a cikin ruwan, abin da aka sani sosai a burtsatsen yankunan bakin teku kamar Lekki da garuruwan Neja Delta. Lemon tsami ya fi khal tasiri a kansa, bilic kuwa ƙara kama shi yake yi. Idan baƙi ne ɗigo-ɗigo a bakin roba mai laushi da aka toshe gefuna da ita, wannan fumfuna ce, abu mai rai, kuma a nan ne bilic yake da amfani. Idan kuwa an yi jiƙon tsami sau uku hazon bai gusa ba, a sa farce a hankali a ji. Tabo tudu ne, karta kuwa rami ce.

Abubuwan da ba a kusantar da su

Akwai ruwaye da suke cin robar kanta: abin goge jan farce, da tina ta masu fenti, da fetur. Wasu suna narkar da fuskar robar nan take ta yi fari, wasu kuma suna sa ta yi ƙananan tsage-tsage daga ciki bayan kwanaki. Maganin goge gilashin taga mai ammoniya yana lalata folikabonet, sifirit mai ƙarfi kuma yana tsattsaga akirilik. Asid mai ƙarfi da masu aikin tayil suke wanke siminti da shi zai cire tabon kam, amma zai ci firam da kan famfo, ya ƙone hannu, tururinsa kuma ya shaƙe mutum.

Babban haɗarin shi ne haɗa bilic da tsami. Bilic irin su Hypo da Jik idan ya gamu da kowane irin asid, ko khal ne, ko lemon tsami, ko maganin wanke masai irin Harpic, yana sakin iskar kulorin. Wannan ita ce gubar da sojojin Jamus suka saki a fagen daga na Ypres a ƙasar Beljiyam a watan Afrilun 1915. Ta fi iskar da muke shaƙa nauyi, don haka a ƙasa take taruwa, daidai inda mai wanki ya sunkuya. Banɗakin ɗalibi kuwa ƙarami ne, tagarsa kamar tafin hannu. Ba sai an zuba su a bokiti ɗaya ba, ya isa a ce an wanke daɓe da bilic ba a ɗauraye ba, sannan khal ya gangaro daga jikin kariya ya same shi. Alamunta su ne yaji a ido da maƙogwaro da tari da ƙuncin ƙirji. Wanda ya ji haka ya fita waje nan take ya bar ƙofa a buɗe, idan numfashi bai daidaita ba a kai shi asibiti, mai ciwon asma kuwa kada ma a jira. Ni dai ƙa'idata ita ce ranar tsami daban, ranar bilic daban.

Hana shi dawowa

Tunda tabon daga busasshen ɗigo yake fitowa, idan babu ɗigon da ya bushe a wurin babu tabo. Abin share ruwa mai bakin roba, irin wanda yara masu wanke gilashin mota suke riƙewa a cunkoson titin Legas, shi ne maganin. Bayan kowane wanka a ja shi daga sama zuwa ƙasa, aikin bai kai minti ɗaya ba. Wanda ba shi da shi ya ware tsumma ɗaya don wannan. Sabulun wanka na ruwa ya fi na sanda rage mataccen sabulu, sai dai ya fi tsada. Shafa haɗin khal sau ɗaya a mako kuma yana cire na kwana bakwai tun bai yi ƙarfi ba, ba sai an yi jiƙo ba.

Wanda ya riga ya karce tasa, idan kartar ba ta yi zurfi ba kuma robar akirilik ce, man goge fitilar mota da ake samu a wurin masu kayan gyaran mota yana rage hazon, a shafa da tsumma mai laushi ana zagayawa, bayan an gwada a lungu. Idan ta yi zurfi har farce yana maƙalewa, masu aikin tagogin alminiyam suna iya zare fallen robar su yanka sabo su sa a cikin tsohon firam ɗin, kuma kuɗin wannan bai kai na sayen sabuwar kariya gaba ɗaya ba.